Daga Tikitin Ƙwallo Zuwa Kirifto: Kuɗin Wa Ake Ci?

Kafin shekarar 2020 akwai wasu 'yan tsirarun mutane a garinmu da cacar ƙwallo ce sana'arsu. Da ita suke biyan haya, da ita suke cefane. Ba samarin nan nake nufi ba masu cika shagon bet ranar Asabar, su jera wasa goma sha biyar a tikiti ɗaya da naira ɗari biyu suna mafarkin miliyan. Waɗanda nake magana a kansu ba a ma cika ganinsu a shago ba. Na san su ne saboda na daɗe ina riƙe da gidan kallon ƙwallo, kuma mai zama a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga, sannu a hankali yakan gane wanda ya zo kallo da wanda ya zo aiki. Mai kallo tsalle yake yi in an zura ƙwallo. Mai aiki kuwa da ƙyar yake ɗaga kai, waya biyu ko uku ce a cinyarsa da ɗan littafi.

Ba yabon sana'ar zan yi ba. Hukuncin caca a Musulunci ba abin jayayya ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta tare da giya, su ma sun san da haka, shi ya sa suke ɓoyewa. Amma duk mai son gane abin da ya sami matasanmu a 'yan shekarun nan, sai ya fara fahimtar yadda waɗannan mutane ke tunani. Su ne suka fara ƙaura zuwa kirifto, daga baya jama'a suka bi sawu.

Abu na farko da mai sana'ar ya sani, wanda mai tikitin ɗari biyu bai sani ba, shi ne inda kamfani ke cin nasa. A ɗauki tambaya mai amsa biyu kacal, kowace na iya faruwa daidai wa daida. In da adalci, wanda ya sa dubu ɗaya ya dace, dubu biyu zai karɓa. Kamfani kuwa 1.90 yake bayarwa a kowane ɓangare. Mutum biyu sun sa dubu-dubu, kamfani ya riƙe dubu biyu, ya biya wanda ya ci 1,900, ya soke 100 a aljihu, ko wa ya ci ko wa ya faɗi. Kashi biyar cikin ɗari ke nan a wasa ɗaya. In ka haɗa wasa goma a tikiti guda, wannan kason yana hawa kan juna har ya kai kusan kashi arba'in. Shi ya sa tallan kamfanoni kullum dogon tikiti suke zuga mutane a kai. Wanda kuma ke buga wasa ɗaiɗai a kan 1.90, sai ya dace a kusan 53 cikin kowane 100 kafin ya tashi ba riba ba faɗuwa. Mai sana'a duk rayuwarsa tana cikin ɗan tazarar da ke tsakanin 53 da 55.

Wanda na fi sani a cikinsu tsohon malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi. Ba shi da kulob. Tun ina tsammanin ɓoyewa yake yi, har na tabbatar ko a jikinsa Arsenal ta ci ko ta sha kashi. Aikinsa farautar saɓanin farashi ne. Wani kamfani ya ba da 2.10 a wannan ɓangare, wani ya ba da 2.05 a ɗaya ɓangaren, sai ya raba kuɗinsa ya sa a duka biyun, ya tashi da naira uku zuwa huɗu a kowace ɗari, ƙwallo ta faɗa inda ta ga dama. Irin wannan ƙofa mintoci take yi a buɗe. Bayan wannan yana da dokoki biyu da ban taɓa ganin ya karya ba: ba ya sa fiye da kashi ɗaya ko biyu na jarinsa a wasa guda, kuma komai ƙanƙantar abin da ya sa sai ya rubuta. Ya taɓa gaya mini cewa dokar farko ba shi ya ƙirƙira ba, wani masani ne mai suna John Kelly ya fitar da lissafinta a Amurka tun 1956. A Ingila masu irin wannan tunani sun yi nisa. Tony Bloom, wanda ya karɓi ragamar Brighton a 2009, da Matthew Benham, wanda ya mallaki Brentford a 2012, dukansu da lissafin cacar wasanni suka tara dukiya, kuma dukansu sun kai kulob ɗinsu gasar Firimiya.

Sai dai sana'ar tana da rufi, kuma kusa yake. Kamfanin caca ba ya son mai ci. Da zarar na'urarsu ta lura kana riga su ganin kuskuren farashi, sai a rage maka iyakar abin da za ka iya sawa, ka nemi sa dubu ɗari a ce dubu biyu kawai aka yarda. Abokin nawa ya sha fama da wannan. Mai faɗuwa ana aiko masa da garaɓasa don ya dawo, mai ci ana ɗaure masa hannu. Ya kai ga ya gaji da guje-gujen buɗe sabon asusu, yana ta neman mafita.

Mafitar ta zo a mako guda. Ranar 13 ga Maris 2020 aka dakatar da gasar Firimiya saboda korona, sauran manyan gasanni ma suka tsaya, har aka koma ana caca a kan gasar Belarus don ita ce ba ta tsaya ba. Na rufe gidan kallo. A daidai wannan makon Bitcoin ya faɗo, ya zubar da kusan rabin darajarsa cikin kwana biyu, ya sauko ƙasa da dala 5,000. Ga mutum zaune a gida, ga jari a hannu, ga kan da ya saba da lambobi, ga kuma wata kasuwa da ba a rufe ba. Ba a nan kaɗai aka yi wannan ƙaura ba, wasu ma sun riga. Haralabos Voulgaris, ɗan Kanada da ya yi suna da cacar ƙwallon kwando ta Amurka har kulob ɗin Dallas Mavericks ya ɗauke shi aikin nazari a 2018, yana cikin waɗanda suka shiga Bitcoin da wuri, kuma a 2022 ya sayi kulob ɗin Castellón a Sifaniya. Irin labarinsa ake yaɗawa. Na dubban da suka bi hanyar suka ƙare ba a ba shi shafi.

Abin da ya ja su a fili yake. A kasuwar kirifto ba mai rage maka iyaka don ka ci riba, domin dandali la'ada yake karɓa a kowane ciniki, ka ci ko ka faɗi. Kuma sana'ar abokina ta farautar saɓanin farashi ta sami gona mai faɗi. Ranar 5 ga Fabrairu 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da dandalin kirifto. An yi zaton kasuwar za ta mutu, sai ta koma hannu da hannu, abin da ake kira P2P: kai ka tura mini naira ta banki, dandali ya sakar maka USDT ɗina, wato kuɗin intanet da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Abokina ya sayi USDT a wannan farashi, ya sayar da ƙarin 'yan nairori, ya sake juyawa sau da yawa a yini. Wannan ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe, sana'ar 'yan canjin Wapa na Kano ce ta koma cikin waya. Kuma akwai masu buƙata ta gaske a bayanta: ɗan kasuwar da zai biya kuɗin kaya a Sin ya rasa dala a banki, ɗalibin da ke karatu a waje, ma'aikacin da ke kallon albashinsa yana narkewa tun bayan da aka saki naira a Yunin 2023. Ban ga abin zargi a wannan ɓangaren ba. An dage haramcin bankuna a Disamban 2023, amma ba a jima ba gwamnati ta ɗora wa wannan kasuwa alhakin faɗuwar naira. A Fabrairun 2024 aka tsare jami'an Binance biyu a Abuja, gwamnan Babban Banki ya ce dala biliyan 26 ta ratsa dandalin cikin shekara guda ba a san masu ita ba, a watan Maris kuma Binance ya daina hulɗa da naira. Masu canji suka watsu zuwa wasu dandalin.

Da a canji aka tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma ribar canji kaɗan ce, tana son haƙuri, kuma a manhaja ɗaya, maɓalli ɗaya kawai za ka danna ka shiga wani ɗaki daban, wanda 'yan harkar ke kira fiyucas. A nan ba sayen komai kake yi ba. Hasashe kake yi ko farashi zai hau ko zai sauka, dandali kuma ya ninka maka kuɗinka da aro, sau ashirin, sau hamsin, har sau ɗari. Wanda ya ninka sau hamsin, in farashi ya karkace masa da kashi biyu cikin ɗari, an share jarinsa gaba ɗaya. Bitcoin kuwa motsin kashi biyu a yini ba labari ba ne a wurinsa. Tikiti mai wasa goma sha biyar ne aka sauya wa riga.

Ko a wurin mai lissafi, akwai abin da ƙwallo ke da shi wanda wannan kasuwa ba ta da shi, kuma na daɗe ina juya shi a raina. Ƙwallo tana da busar ƙarshe. Bayan minti casa'in gaskiya ta fito, kuma ba kuɗin 'yan caca ne ke zura ƙwallo a raga ba. A farkon kakar 2015/16 kamfanonin Ingila sun ba Leicester City damar ɗaya cikin 5,000, duniya duk ta raina ta, wannan bai hana ta ɗaukar kofi ba. Saboda haka mutum zai iya buɗe littafinsa bayan wasa dubu ya san ko ya iya ko bai iya ba. A kirifto ba alƙalin wasa, ba lokacin tashi. Farashin ba wani abu ba ne illa kuɗin masu hasashen kansu, in sun taru ya hau, in sun tsorata ya faɗo. Daga Maris 2020 zuwa Nuwamba 2021 Bitcoin ya tashi daga ƙasa da dala 5,000 zuwa kusan 69,000. A wannan tsakanin kusan duk wanda ya saya ya riƙe ya ci riba, kowa kuma ya ɗauka basirarsa ce. Shekara guda bayan nan ya dawo wajen 16,000. A Mayun 2022 kuɗin Luna, da ke sama da dala tamanin a farkon wata, ya koma bai kai kwabo ba cikin mako guda. A Nuwamban shekarar dandalin FTX ya rushe da kuɗin jama'a a ciki, mai shi Sam Bankman-Fried aka yanke masa shekara 25 a Maris 2024. Wannan na ƙarshe ya nuna wani haɗari da littafin lissafi ba ya kamawa: kana iya yin daidai a kowane ciniki, ma'ajin da ka ba amana ya gudu da jakar.

Sai kuma barci. Ƙwallo tana da ranaku, tana da hutun ƙarshen kaka. Kasuwar kirifto ba ta san Juma'a ba, ba ta san Sallah ba, kuma ta fi motsi lokacin da Amurka ke kan aiki, wanda yakan kai har dare a wurinmu. Na ga idanun mutane sun faɗa.

Duk wannan bai kai mini abin da abokin nawa ya faɗa mini wata rana bayan la'asar ba. Ya ce, "Malam, a bet na san da wa nake kokawa. Kamfani ne, yana da ma'aikata, yana da na'urori, in na ci shi ba na jin komai. Nan kuwa duk sanda na sayar a sama, akwai wanda ya saya a hannuna. Wane ne shi?" Na ce masa ai kuɗin kamfanin ma ɗari bibbiyun yaran nan ne aka tara, ya ce ya sani, amma da akwai katanga tsakaninsa da su, yanzu babu. Gaskiya ya faɗa. A fiyucas, da kuma ƙananan kuɗaɗen nan da ake ƙirƙira da safe su mutu da yamma, ribar wani faɗuwar wani ce kai tsaye, ban da la'adar dandali. Ƙwararre yana cin sabon shiga ne. Abin da ya fi muni, sau da yawa shi ya kawo sabon shigar da hannunsa, domin dandali na biyan mutum kaso daga la'adar duk wanda ya yi rajista ta hanyarsa. Gwargwadon yawan cinikin yaron, gwargwadon abin da mai gayyata ke samu, ko da yaron tsiyacewa yake yi. Masu sayar da "tabbataccen wasa" a WhatsApp a da, su ne da yawansu suka koma sayar da sigina, wato shawarar lokacin saye da sayarwa, a Telegram, da hoton mota iri ɗaya da alkawari iri ɗaya.

Su wane ne sababbin shigar? A nan sauyin ya fi girma, kuma a nan ya fi ci mini rai. Cacar ƙwallo tana da kunya a tattare da ita. Saurayi kan waiwaya kafin ya shiga shagon bet. In aka je binciken aure aka ce ɗan caca ne, magana ta mutu. Wannan kunya, duk da ba ta hana kowa ba, ta tsare mutane da yawa: matan aure, dattawa, ɗalibai na kirki, masu tsoron bakin unguwa. Kirifto ya shigo ba tare da ita ba. Ya shigo da kwamfuta da Turanci da zanen farashi mai kore da ja, uba ya ga ɗansa a kai ya ce alhamdulillahi yaro ya kama sana'a. Da Notcoin ta fashe a Mayun 2024, wasu suka sami kuɗi na gaske daga dangwalar waya kawai, sai gari ya ɗauka. A majalisa, a cikin Keke Napep, a ɗakin karatu, kowa yatsa na kan gilashi. Da Hamster Kombat ta fito a ƙarshen Satumba, yawancin waɗanda suka yi watanni suna dangwale abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Ni ban ɗauki wannan a matsayin babbar asara ba, lokaci ne da kuɗin data. Asarar ita ce miliyoyin mutane sun buɗe asusu a dandali, sun koyi tura kuɗi, sun ɗanɗana jiran fashewa. An share fili. Da CBEX ta zo da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ta tarar da mutane a shirye, kuma a Afrilun 2025 ta rufe da kuɗinsu, kamar yadda MMM ta yi a Disamban 2016. A wannan karon akwai kuɗin adashi a ciki, akwai na kayan ɗaki, akwai na rajistar makaranta.

Filin ƙwallon ma bai raba su ba. A gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kamaru a farkon 2022, Binance na cikin masu ɗaukar nauyi, a kofin duniya na Katar kuma Crypto.com. Kulob ɗin Firimiya sun amince a 2023 za su cire tallan caca daga gaban riga, amma tallan kirifto na nan a hannun riga da allunan gefen fili. Yaron da ke zaune a benci a gidan kallona, duka biyun ake nuna masa a wasa ɗaya.

A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan bet da dama a Kano. Na fahimci dalili, kuma iyaye da yawa sun ji daɗi. Amma shago yana da ƙofa da za a sa wa kwaɗo, abin da ke cikin waya ba shi da ita. A ɓangaren doka, dokar zuba jari ta 2025 da aka sa wa hannu a watan Maris ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tsananta hukuncin masu damfarar ninka kuɗi. Mataki ne mai kyau, sai dai dandalin da ke ba yaro aron ninki ɗari yawanci ba a ƙasar nan yake ba.

Inda nake ganin za a iya yin wani abu shi ne wurin malamanmu. Muftin Masar na lokacin, Shawki Allam, ya haramta cinikin Bitcoin tun farkon 2018, majalisar malaman Indonesiya ma ta haramta amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, wasu malaman kuma sun halatta da sharuɗɗa. Namu ma sun rabu. Ni ba malami ba ne, amma roƙona shi ne a daina tambayar a dunƙule, a daina amsa ta a dunƙule. Mai sayen USDT don ya biya kuɗin kaya daban. Mai sayen Bitcoin da kuɗinsa ya ajiye, ya yarda zai iya hawa ko sauka, shi ma daban. Mai cin bashin ninki hamsin don ya yi hasashen inda farashi zai kai nan da awa guda, bai mallaki komai ba, bai karɓi komai ba, wannan wani abu ne na uku. In aka ce duka haram ne, ɗan kasuwa mai buƙata zai toshe kunne. In aka ce duka halal ne, an ba na ukun lasisi ya ci gaba da rai a kwance. Fiƙihunmu yana da babin garari da babin canjin kuɗi tun ƙarnoni, abin da ya rage shi ne malami ya zauna da masu harkar su buɗe masa manhajar ya ga kowane maɓalli da idonsa kafin ya yi magana.

Abokin nawa yanzu canji kawai yake yi wa 'yan kasuwa da ya sani. Ribar ba ta kai ta shekarun baya ba, kuma yana fama da wata sabuwar matsala, kuɗin damfara kan faɗo asusun mai canji ba da saninsa ba, banki ya rufe asusun sai an yi ta zirga-zirga. Ya daina ba kowa lambar gayyatarsa. Samari suna zuwa wurinsa, su ce, "Yaya, a taimaka a koya mana fiyucas." Ba ya korarsu. Yakan ce su sayi littafi, su yi wata uku suna rubuta kowane cinikin da suka so shiga, da farashin shiga da na fita da la'ada, ba tare da sun sa ko sisi ba, sannan su kawo masa su yi lissafin tare. Kaɗan ne ke dawowa da littafin. Sauran sukan tafi rukunonin Telegram, inda ake biyan kuɗin wata a turo musu sigina tun daren farko.